Makarar da Ɗanjuma Ya Ara

Shekara ashirin ke nan da rasuwar ƙanena Ɗanjuma. Ban saba yin maganarsa ba. Idan ranar ta zagayo nakan je maƙabarta da safe, in tsaya a kansa, in yi masa addu'a, in dawo in kama abin da ke gabana. Bana ma da haka za ta wuce, sai wasu samari suka zo daga Kano da mota da kyamarori, suka cika mini zaure, suka ce ƙanena babban mutum ne. Suna so in ba su kaset ɗin fim ɗin da ya yi, su gyara shi, su haska wa jama'a a Rano don tunawa da shi. Kaset ɗin guda ɗaya ne, kuma a lokacin yana hannuna. Sun ce za su dawo ranar Juma'a su ji amsa. Na ji a jarida suka fara yabonsa, don haka a jarida zan amsa musu.

Sunana Sale. Haƙar rijiya ce sana'ata, a Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne wani maƙwabcina yana rubutawa, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana.

Ɗanjuma ba ya son gona, ba ya son rami. Tun yana saurayi ya koma Rano, ya kama wani shago a bayan kasuwa, ya sa benci da talabijin da janareto, ya buɗe gidan kallo. Finafinan Indiya yake sawa. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne bakinsa. Yakan tsaya a gefen talabijin da lasifika a hannu, jarumi ya yi magana ya mayar da ita Hausa, jaruma ta yi kuka ya maƙale murya ya yi kukan. Rabin abin da yake faɗa ƙarya ce, shi da kansa ya gaya mini. Amma mutane suna dariya, suna dawowa. A wancan lokacin ban ga laifinsa ba. Yana ciyar da matarsa, yana aiko wa Inna sabulu da sukari.

Abin ya lalace ne ranar da ya dawo daga Kano da wani kaset. Wani tsoho ne ya ba shi, mai gyaran injina a wata masaƙa. Mu a wurinmu duk mai irin wannan fatar Ba'indiye ne, amma tsohon ya ce shi mutumin Bangal ne, harshensu daban, finafinansu daban. Ya gaya wa Ɗanjuma cewa labarin fim ɗin daga wani tsohon littafinsu aka ɗauko shi, wanda kowane yaro a can ya sani, sai dai wanda ya yi fim ɗin ya nuna shi yadda mutum ke ganin abu a mafarki.

Ina Rano ranar da ya sa shi, na je sayen igiya. Fim ne mara kala, baƙi da fari. Babu waƙa, babu rawa, babu faɗa. Labarin wani mai fiton jirgin ruwa ne da ya ƙi tsallakar da ɗan'uwansa a shekarar ambaliya. Amma har aka gama ba a nuna ruwa ba. Jirgin yana kan yashi, mutumin yana tuƙi, yashin yana gudu a ƙarƙashinsa. Wata mata tana jan guga a rijiya, abin da ke fitowa zane ne, tana ja yana fitowa, ba shi da ƙarshe. An yi biki, duk baƙin sun juya baya suna kallon bango. Ɗanjuma ya ɗaga lasifika zai fara ƙaryarsa, sai ya kasa. Bai ji ko kalma ɗaya ta harshensu ba, su ma ba su cika magana ba. Ya ajiye lasifikar ya zauna a ƙasa. Ranar na fara ganin bakinsa a rufe.

Mutane suka fara ihu. Wani saurayi mai sayar da kayan babur, Nasiru, ya jefi talabijin da ɓawon gyaɗa ya ce, "Kai Ɗanjuma, wannan fim ne ko ciwon kai? Ina 'yan matan?" Kafin a kai rabi benci ya zama wayam. Ni na zauna ne kawai don ina jiran ya kai ni tasha. Da aka gama ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Yaya, ka gani?"

"Na ga mahaukata."

"Ba ruwa, amma sai da na ji zan nutse."

"To ka koyi iyo," na ce. "Tashi ka kai ni tasha."

Daga nan ba a sake samun kansa ba. Ya kalli kaset ɗin har hoton ya fara tsalle. Ya ce mu ma muna da tsofaffin labarai, me ya sa duk wanda ya ɗauki kyamara a Kano sai ya yi soyayya a cikin lambu? Ya tuna wani labari da kakarmu, mutuniyar Rurum Tsohon Gari, take ba mu muna yara. A shekarar yunwa wani mai hali ya liƙe rumbunsa da laka, ya rantse ba shi da ko ƙwaya. Da ya mutu aka ɗora shi a makara, sai makara ta yi nauyi ta ƙi tafiya, har sai da aka je aka fasa rumbun aka raba wa mutane. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san labarin. Ɗanjuma ya ce zai yi shi irin na mutanen Bangal. A nasa, gawar za ta tashi zaune a kan makara, gero yana zuba daga cikin likkafani, ba tare da ta ce komai ba.

Ya ari kyamara a wurin wani mai ɗaukar biki. Ya samo abokansa huɗu daga Rano su yi ɗaukar makara. Ya rasa wanda zai yarda a naɗe shi a farin yadi, sai ya zo wurina. Na ƙi. Ya je ya kama ƙafar Inna, ita kuma ta ce, "Sale, ɗan'uwanka ne, ka taimaka masa, ai wasa ne." Ban taɓa tsallake maganar Inna ba. Ya ce mini a bayan gari za a yi, wajen duwatsu, ba kowa. Ya ce in kwanta shiru, in na ji ya yi fito in tashi zaune in buɗe hannu gero ya zube. Ya ce kafinta zai haɗa masa wani katako mai kama da makara.

Kafintan bai haɗa komai ba. Ɗanjuma ya je bayan masallacin unguwarmu ya ɗauko makarar gaske.

Wanda ya tashi a birni ba lalle ya gane nauyin wannan ba, don haka bari in faɗa. A wurinmu makara tana jingine a bayan masallaci, ba ta da mai gadi, ba a neman izini. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya ma zuwa ɗaukarta, maƙwabta ne ke kawo masa ita ƙofar gida. Kuma idan ka ga makara a kafaɗun mutane ba ka tsayawa tambayar wa ya mutu. Kana ajiye fartanya ne ka bi, tambaya sai daga baya. In ka matso kusa, ka sa kafaɗa ka karɓi wani ya huta, wani kuma ya karɓe ka. Haka muka taras, haka muke yi. Ɗanjuma ya san wannan kamar yadda ya san sunansa.

An naɗe ni, an cika mini ƙirji da gero, an rufe mini fuska. Ba na ganin komai. Aka ɗaga ni aka fara tafiya. Can na fara jin takun ƙafafu suna ƙaruwa. Na ji ana kalmar shahada ƙasa-ƙasa. Na ji makarar tana canza kafaɗa, tana ɗan karkata, tana daidaita. Na ce a raina ashe yaron nan ya tara mutane da yawa, kuma sun iya wasan. Ban san manoma ne suka bar gonakinsu ba. Ban san Fulanin rugar gabas sun bar shanu sun biyo ba. Ban san Malam Isuhu, mai makarantar allo ta unguwarmu, ya tashi daga gindin bishiyarsa ya zo ya sa kafaɗa a daidai kaina ba. Abokan Ɗanjuma an karɓe su tuni, sun koma baya don tsoro. Maƙwabtana ne ke ɗauke da ni, suna nema mini gafara.

Sai na ji fito. Na tashi zaune, na buɗe hannu.

Suka saki makarar. Na faɗo a kan kafaɗata, gero ya watse. Da na yaye yadin daga fuskata na ga bayan mutane suna gudu cikin gonaki. Wani dattijo ya faɗi ya karye a ƙugu, bai sake tafiya da ƙafarsa ba har ya mutu. Malam Isuhu bai gudu ba. Yana durƙushe yana kallona. A nan, yana durƙushen, ɗan aike ya same shi ya ce ya zo gida, mahaifiyarsa ta cika. An je bayan masallaci ɗauko makara ba a same ta ba.

Tsohuwar nan ta kwanta a shirye tun hantsi. Sai da aka ɗauko makarar daga bayan gari, aka kakkaɓe gero, aka wanke ta, aka jira ta sha iska, don ɗanta ya ce ba za a ɗora uwarsa a kan abin da aka yi wasa da shi ba sai an tsarkake shi. Rana ta kusa faɗuwa kafin a kai ta. Ban je jana'izar ba. Ba a hana ni ba, amma na san in na je wasu za su tashi.

Washegari aka tara mu a ƙofar mai unguwa, da liman da dattawa. Na faɗi abin da na sani, aka yarda ban san makarar masallaci ba ce, ban kuma san mutanen gari ne ke biye ba. Aka juya kan Ɗanjuma. Liman ya tambaye shi, da ya ga jama'a sun biyo, me ya hana shi tsayar da su? Ya ce ya ruɗe ne, bai san ta inda zai fara ba. Ya durƙusa ya ba Malam Isuhu haƙuri, ya yi kuka. Aka ce to ya kawo kaset ɗin a ƙona a gaban kowa, magana ta ƙare. Ya ce a yi masa duk hukuncin da za a yi, amma ba zai ƙona ba. Nasirun nan mai ɓawon gyaɗa ya taho tun daga Rano don ya ji shari'ar, shi ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa a kore shi daga ƙasar gaba ɗaya.

Ba a kore shi ba. Abin da ya same mu ya fi kora daɗewa. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa gidan kallonsa, ya rufe, ya koma acaɓa. Ni kuwa aka sa mini suna Sale Gawa. Yara suna ganina su watse. Ba wanda ya ce mini ka yi laifi, amma ba wanda ya sake kirana haƙar rijiya a Kibiya. Wata mata ta faɗa a gabana cewa ba za ta sha ruwan ramin da wanda ya fito daga likkafani ya haƙa ba. Dole na riƙa tafiya nesa, inda ba a san ni ba, ina karɓar aikin da masu hankali suka ƙi. A irin wannan ne wata rijiya mai yashi ta rufta da ni. An tono ni da rai, amma ƙafata ta hagu ba ta sake miƙewa ba. Da ita nake tafiya har yau. Samarin Kano sun ga sandata, ba wanda ya tambayi dalilinta.

Akwai kuma abin da ya samu unguwa. Tun daga ranar aka sa wa makara sarƙa da kwaɗo, mabuɗi yana wurin ladan. Yanzu idan aka yi maka rasuwa sai an je neman ladan tukuna. Yaran da aka haifa bayan haka suna tsammanin haka ake yi tun asali.

Ɗanjuma bai daɗe ba. Wata babbar mota ce ta banke shi a hanyar Rano zuwa Kibiya, da damina, yana ɗauke da buhun taki. Aka kawo shi gida. Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba, liman ya yi masa salla. Amma makara ba ta zo ba. Aka ce ladan ya tafi kasuwa da mabuɗi. Wataƙila gaskiya ne, ranar kasuwa ce. Ban jira ba. Na cire ƙyauren ɗakina, muka ɗora shi a kai, ni da gurguwar ƙafata da wasu Fulani biyu da ke kiwo kusa da mu, sannan saura suka sa hannu. Matarsa ta koma gidansu bayan takaba, ta bar mini 'yarsu Habiba tana rarrafe, da wata jakar leda. A cikin jakar kaset ɗin yake. Na jefa shi cikin tukunyar Inna na rufe. Duk shekarun nan ban taɓa kallonsa ba. Shi ma Ɗanjuma bai taɓa nuna wa kowa ba.

Wani lokaci ina tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Sana'arsa ta fassara ta zama babbar kasuwa, ana zuba wa mutum finafinan Indiya da Hausa a waya ya tafi da su gona. Ina jin da ya yi baƙin ciki, don yanzu ba a ganin fuskar mai fassarar, shi kuwa yana son a gan shi. Amma akwai abin da zai ba shi dariya. Kwanan baya babur ya kaɗe wani yaro a bakin kasuwar Rano, kafin a samu mai ɗaga shi an samu masu ɗaukarsa a waya. A maƙabarta ma na ga ana saka mutum a kabari wani ya ɗaga waya sama. Abin da aka tsine wa ƙanena a kai, yanzu kowa yana yi, kuma ba wanda ake kai wa ƙofar mai unguwa. Wannan bai wanke shi ba a wurina. Sai dai ya nuna mini cewa shi ne ya fara, saura suka biyo.

Wanda ya jagoranci samarin Kano zuwa gidana Nasiru ne. Yanzu Alhaji ne, yana da shaguna da tumbi. Ya shigo zaure yana cewa, "Malam Sale, ai marigayi abokina ne na ƙut-da-ƙut, ni na fara gane basirarsa."

"Da ɓawon gyaɗa ka gane ta?" na ce.

Ya yi dariyar yaƙe ya ce ƙuruciya ce.

Babban cikin samarin, wani mai gilashi, yana da ladabi, ba zan hana shi wannan ba. Ya ce sun ji labarin fim ɗin a bakin ɗaya daga cikin masu ɗaukar makarar. Ya ce su ma suna kallon finafinan mutanen Bangal, suna nazarinsu, kuma abin mamaki ne a ce wani a ƙauye ya yi irin wannan tunanin tun kafin su san kyamara. Ya ce, "Baba, ƙaninka ya riga zamaninsa."

"Ya riga ni kabari dai," na ce. "Kun je wurin Malam Isuhu?"

"Wane ne shi, Baba?"

Na ɗauki sandata na miƙe. Na ce su tafi sai Juma'a.

Da don su ne, da tun a zauren na sallame su. Habiba ce ta tsayar da ni. Yanzu matar aure ce a Rano, da ɗanta. Ba ta san fuskar ubanta ba sai a wani ƙaramin hoto da ya dushe. Ta taso tana jin ana ce mata 'yar mai makara. Da ta ji an zo daga birni ana yabonsa, ta hau babur ta zo, ta durƙusa a gabana ta ce, "Baffa, sau ɗaya dai a faɗi sunansa ba da zagi ba." Ni na raine ta. Ban iya ce mata a'a kai tsaye ba. Na ce ba zan ba da abin da ban gani ba, mu je mu kalla tukuna.

Muka samu wani mai gyaran rediyo a Rano da har yanzu yake da tsohuwar na'urar bidiyo. Ya buɗe kaset ɗin ya goge fumfuna, ya sa mana a bayan shagonsa, ya fita ya bar mu.

Zan faɗi abin da na gani. Da farko duwatsu ne, da makara can nesa, da mutum huɗu. Sai wani manomi ya miƙe daga cikin dawa, ya ajiye fartanya, ya goge hannu a riga ya biyo. Sai wani. Sai Fulani da sandunansu a kafaɗa, suka sauke su. Kyamarar ba ta rawa. Wanda ya ruɗe hannunsa yakan yi rawa, wannan kuwa a tsaye take cak, tana ja da baya a hankali don kowa ya shigo. Ɗaya daga cikin abokansa ya matso kusa, ana jin muryarsa yana cewa, "Ɗanjuma, mutanen gari ne fa, a tsaya." Sai muryar ƙanena, ƙasa-ƙasa, a natse: "Rufa mini baki. Ka bar su su zo."

Habiba ta kama hannuna. Wannan ne karo na farko da ta ji muryar ubanta.

Daga nan kyamarar ta bar makara gaba ɗaya. Ta koma kan fuskokin mutane, ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Malam Isuhu yana tafe da kansa a sunkuye, gumi yana bin gemunsa. Tana kan fuskarsa aka yi fiton. Ba a nuna ni ina tashi ba. Ba a nuna geron ba. Fuskar malamin aka nuna, yadda ta canza. Na ɗauki sunan Gawa fiye da shekara ashirin, na rasa sana'a, na rasa ƙafa, kuma a cikin fim ɗin ni ɗaurin farin yadi ne kawai da aka wuce da shi a gefe. Ba ni yake so ba. Tsoronsu yake so, ni tarko ne.

Duk shekarun nan ina riƙe da uzuri guda ɗaya a kansa, cewa yaro ne, ya ruɗe. Da shi nake iya tsayawa a kabarinsa. Yanzu babu shi. Ya yi wa liman ƙarya, ya yi wa Malam Isuhu kukan ƙarya ko na gaskiya, ban sani ba, amma ya san abin da ya yi, kuma shi ya sa ya ƙi a ƙona.

Zan kuma faɗi ɗaya gaskiyar, tunda na ce ba za a gyara mini magana ba. Abin ya yi kyau. Ban san fim ba, amma na zauna a bayan shagon nan na ji tsigar jikina ta tashi, ni da na san abin da ke cikin yadin. Abin da ya gani a kaset ɗin tsohon nan, ya kama shi da hannunsa. Mai gilashi bai yi ƙarya ba, ƙanena yana da ido. Wannan ne ya fi ba ni haushi. Sai dai mutanen Bangal ɗin da ya kwaikwaya, matar da ke jan zane daga rijiya ta san wasa take yi, ta gama ta koma gida ta ci tuwonta. Namu ba su sani ba. Sun ajiye aikinsu ne don su raka Musulmi makwancinsa. Yawancinsu sun mutu, ba za a iya tambayarsu ba. Malam Isuhu yana nan da rai, ya tsufa, idonsa ya tafi, jikokinsa suna zuwa kasuwar Rano. Ba zan bari a manna fuskarsa ta ranar da uwarsa ta rasu a bango, mutane suna tafi ba.

A hanyar dawowa Habiba ta juyo gare ni da muka kusa rabuwa. Ta ce, "Baffa, kada ka ba su." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma kada ka ƙona." Na ce na ji. Kaset ɗin yana wurinta yanzu. Gadonta ne, ba na Kano ba.

Idan aka tambaye ni me Ɗanjuma ya bari, ba zan ce basira ba, ko da yake yana da ita. Basirar ba ta ciyar da kowa ba, ta kuma cuci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Abin kirki guda ɗaya da ya bari shi ne yarinyar nan, wadda ta ji muryar ubanta sau ɗaya, ta kuma gane da kanta cewa abin da muryar ta faɗa ba daidai ba ne. Bai koya mata wannan ba. Amma daga jikinsa ta fito, don haka ina sa masa shi a ma'auninsa, ko zai rage masa wani abu. Ina roƙon Allah Ya gafarta masa, don ƙanena ne, kuma yana bukata fiye da yadda na zata.

Ku kuma samarin Kano, amsarku a'a ce. Kada ku ƙona man mota ranar Juma'a. In kuna son labarin mai rumbu, kowa ya san shi, ku je ku yi naku. Ku samu kafinta ya haɗa muku katako, kuma ku gaya wa mutanen gari tun kafin ku fara.